Baƙin Mai, Yashi da Sarƙar Babur a Hanyoyin Karaye da Rogo

Shirin na yau na masu babur ne, musamman na ƙasar Karaye da Rogo, da kanikawan da ke yi musu gyara, har ma da wanda bai mallaki ko keke ba amma kullum yana bayan ɗan acaɓa. Maganar sarƙar babur za a yi, wadda a gareji aka fi sani da cen: da me ake wanke ta, wane mai ya dace da ita, kuma wace iri za a saya idan tsohuwar ta gaji.

A watan Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. A Daidaita Sahu ta gaje titunan birnin. A karkara kuwa babur yana nan daram, domin akwai hanyoyin da in ba shi ba sai ƙafa ko jaki. A Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, babur ne ke fito da buhun masara daga ƙauyukan Zoza da Gwangwan da Fulatan zuwa bakin titi, shi ke kai ɗaurin rake da kwandon tumatir wajajen Makarfi da Danja. A Karaye shi ke kwaso kayan lambu da kifi daga bakin madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala gininta a 1992. Shi ke kai malami makaranta da safe, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya cika hannun 'yan haya, ga TVS, ga Honda, ga Jincheng da Haojue da sauran na ƙasar Sin. Sunaye barkatai, amma dukkansu ta sarƙa ƙarfin inji yake isa tayar baya.

Ita ce kuma aka fi wulaƙantawa. Mai babur zai yi juyen baƙin mai a kan kari, ya goge tanki har yana ɗaukar ido, ya ɗinka wa kujera riga, amma ba ya tuna sarƙa sai ta fara ƙara, ko ta sauka daga haƙora a tsakiyar daji da kaya niƙi-niƙi.

Kafin a zaɓi mai, ya kamata a san inda man zai je. Wani injiniya mai suna Hans Renold ne ya fito da fasalin irin wannan sarƙa a birnin Manchester na Ingila a 1880, kuma har yau tsarin bai sauya ba. Kowace gaɓa tana da 'yar ƙusa a tsakiya. Ƙusar tana cikin wani ɗan bututu. A kan bututun akwai zobe mai juyawa, shi ne ke hawa haƙoran faranti, sannan ga fallayen ƙarfe gefe da gefe suna riƙe da su duka. A sarƙar ƙaramin babur akwai irin waɗannan gaɓoɓi sama da 100. Duk gaɓar da ta zo kan faranti sai ta lanƙwasa, in ta wuce ta miƙe, kuma a kowace lanƙwasa ƙusa tana gogar bututu a ƙarƙashin nauyin duk abin da aka ɗora wa babur. Nan ne ake bukatar mai, can ciki inda ido ba ya gani. Man da ya tsaya a bayan fallaye yana ƙyalli, ba abin da yake tsinanawa sai tara ƙura.

Idan aka ce sarƙa ta saki ko ta ƙara tsawo, ba ƙarfen ne ya miƙe ba. Ƙusa da bututu ne suka cinye kaɗan-kaɗan, kowace gaɓa ta samu ɗan giɓi. Rubu'in milimita a gaɓa ɗaya ba abin da ido zai lura da shi ba ne, amma in aka tara na gaɓa 100 ya zama santimita biyu da rabi.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar bakanike a Karaye ko Rogo ya san yadda abin yake. Ɗan acaɓa ya ja birki, ko inji bai kashe ba, ya ce, "Oga, a ɗan ɗaure min cen, a sa masa mai." Oga yana kan wani aikin, sai ya yi wa yaronsa nuni da sifana. Yaro ya jawo yankakken galan daga ƙarƙashin benci, cike da baƙin man da aka juye daga injunan mutane, wanda ake ce wa kwandem. Ya tsoma tsohon buroshi, ko ya ɗura a robar ruwa da aka huda murfinta, ya kwarara a kan sarƙar yadda take, da ƙurarta da busasshen taɓonta. Nan take ƙara ta ɗauke. Mai babur ya ce, "Allah ya saka da alheri, Oga," ya ba yaro na goro, ya ja mashin ɗinsa yana murna.

Ba mugunta ba ce, sabo ne, kuma akwai 'yar gaskiya a ciki: sarƙar da aka zuba wa kwandem ta fi wadda aka bari a bushe ƙamas tana tsatsa. Amma a leƙa cikin galan ɗin. A irin waɗannan babura, mai guda ne yake zagaya inji da giya da kuloci. Ranar da aka juye shi, ya riga ya kwaso garin ƙarfe daga haƙoran giya, da ɓurɓushin faifan kuloci, da kunkunniyar hayaƙi, da ɗan fetur da ya tsarga ciki ya tsinka shi, da sinadarai masu cin ƙarfe da ƙonewar fetur take haifarwa. Dalilin da ya sa aka fitar da shi daga inji ke nan. Galan ɗin kuma a buɗe yake wuni, a buɗe yake kwana, iska tana yi masa barbaɗen ƙasa. Mai shakka ya ɗaura maganaɗisun tsohuwar lasifika a zare, ya jefa a gindin galan ɗin, ya ciro ya shafa da yatsa. Baƙin laushin da ya manne masa garin ƙarfe ne. Ko ya murza ɗigon man tsakanin yatsu biyu, zai ji yashi-yashi.

Yashin nan shi ne babban makashin sarƙa a wannan yanki. Ƙwayarsa ta fi yawancin ƙarfe tauri, tana karce shi. In ta haɗu da mai ta shige tsakanin ƙusa da bututu, abin da dutsen wasa yake yi wa wuƙa shi take yi wa sarƙa, muddin taya tana juyawa. Shi ya sa ko sabon mai ne fil daga kwalba, in aka zuba shi a kan sarƙa mai datti, yashin kawai aka tura ciki. Ƙara ta yi shiru, cin ƙarfe kuwa ya ƙaru. Hanyoyin kuma ba sa raga wa kowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce da jar ƙasa. A Afrilu zafi ya haura digiri 40, ya tsinka mai ya zubar. Daga Yuni zuwa Satumba sai taɓo da ƙetaren rafi, ruwa ya wanke ɗan abin da ya rage.

Akwai kuma lafiyar wanda yake tsoma hannu a galan ɗin. Kamfanonin mai da na babura suna rubuta gargaɗi a littattafansu cewa yawan cuɗanya da baƙin man da inji ya riga ya ƙona yana iya jawo sankarar fata. Yaron shago da ke wuni hannunsa a ciki, sannan ya zauna cin rogo da ƙuli ko gurasa ba tare da ya taɓa sabulu ba, shi ya fi kowa shiga haɗari. Amana aka ba ogansa, kuma sabulu da ruwa a bakin rumfa ba su fi ƙarfin kowa ba.

To da me za a wanke sarƙa?

Da kananzir. Gaskiya ne ya yi tsada, a wurare da yawa har ya fi fetur, amma abin da ake bukata bai wuce cikin gwangwanin madara ba. In babu shi, man dizal, wanda aka fi kira gas, yana yi. Dukkansu suna narkar da tsohon mai su saki yashin da ya daskare, ba sa bushewa farat ɗaya, kuma ba sa kama wuta da sauri irin na fetur. Tsohon buroshin haƙori da tsumma sun isa kayan aiki. Fetur ne ya fi kusa da hannu, tunda zare tiyo kawai za a yi a tara gwangwani, kuma yana wankewa tas. Sai dai tartsatsi ɗaya ya ishe shi, a rumfar da wani yake walda, wani yake kunna taba, ga salansa da zafi. Yana kuma barin sarƙa a bushe har can ciki, yana lalata roba in sarƙar mai roba ce. Masu kai babur wanki bakin rafi ko bakin dam su ma su lura: omo da ruwa suna gyara tanki da taya, amma ruwan da ya shige gaɓoɓin sarƙa ya kwana, da safe jan tsatsa za a tarar. Ranar da babur ya sha wanka, a ranar sarƙa za ta sha mai.

Sau ɗaya a 'yan watanni, musamman in damina ta janye, a cire sarƙar gaba ɗaya a jiƙa ta a kwanon kananzir, a yi ta girgizawa ana lanƙwasa gaɓoɓin. Yashin da zai kwanta a gindin kwanon shi kaɗai ya isa wa'azi ga mai babur. A rataye ta ta tsane kafin a sa mata mai.

Man kuwa, wanda ya fi dacewa da aljihu da hanyar mutumin Rogo da Karaye shi ne man giya mai lamba 80 ko 90, irin wanda ake zuba wa giyar mota. Ba ƙirƙirar wannan shiri ba ce. Littattafan da kamfanin Honda yake bayarwa tare da baburansa sun ce a sa man da aka yi musamman don sarƙa, in babu, a sa man giya SAE 80 ko 90. Haruffan SAE na ƙungiyar injiniyoyin motoci ce ta Amurka, wadda ta tsara lambobin kaurin mai. An yi man giya ne don ƙarafan da ke danne juna da ƙarfi, an kuma gauraya shi da sinadarai masu farar wuta da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Su ne ke ba shi warin nan da kowane bakanike ya sani ko idonsa a rufe. Yana da ruwan da zai iya silalewa cikin gaɓa, yana da kaurin da zai zauna in ya shiga. Cokali ɗaya ko biyu ya isa shafi guda, don haka lita ɗaya sai ta yi watanni. 'Yan acaɓan tasha ɗaya suna iya haɗa kuɗi su sayi kwalba guda su ajiye wurin shugabansu. Bakanike ma yana iya ajiye tasa, ya riƙa karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ture yankakken galan gefe. Wanda ya fara yin haka a layinsu zai ga masu babur suna neman rumfarsa.

Lambobin nan suna ruɗar mutane. Wani zai ɗauka man giya 90 ya kusa ninka man inji 50 a kauri. Ba haka ba ne, ma'auninsu daban-daban ne. Kaurin man giya 90 kusan ɗaya yake da na man inji 40 zuwa 50. Ke nan in man giya bai samu ba, sabon baƙin mai 20W-50, wanda ake zuba wa injin babur, shi ne na biyu. Ranar juye, maimakon a jefar da robar sabon man, a kife ta a kan wata 'yar kwalba ta tsiyaye. Abin da ya taru ya isa sarƙa. Aibinsa kawai shi ne ya fi saurin fantsalewa, sai an riƙa sawa a kai a kai.

Giris fa? A lakace shi da yatsa a shafa a bayan sarƙa ɓata kuɗi ne, domin ya yi kaurin da ba zai shiga inda ake bukata ba, sai ya tsaya a waje yana kama yashi. Tsofaffin kanikawa suna da dabarar da ta fi wannan nesa ba kusa ba. Sukan narka giris a gwangwani a kan garwashi, su tsoma wankakkiyar sarƙa a ciki, su bar ta har kumfar iska ta daina tasowa daga gaɓoɓin, sannan su rataye ta. Giris ya shiga yana ruwa, ya daskare a ciki. Aiki ne mai kyau da ya kamata yaran yanzu su koya, amma a fili ake yin sa, da wuta kaɗan, nesa da fetur, kuma ga sarƙar da ba ta da roba kaɗai.

Akwai na gwangwanin feshi, waɗanda aka yi musamman don sarƙa. Suna fitowa tsararo, su shige gaɓa, bayan 'yan mintuna su yi kauri su manne. Iri biyu ne: mai yauƙi, wanda ruwa ba ya saurin wankewa amma yana kama ƙura, da mai bushewa, wanda ya fi dacewa da buɗaɗɗiyar sarƙa a lokacin hunturu. Suna da kyau ga mai hali. Sai dai ba duk gwangwanin feshi ne man sarƙa ba. WD-40 da ire-irensa, alal misali, an ƙirƙiro shi a 1953 a birnin San Diego na Amurka don korar ruwa da hana tsatsa. Gwani ne wajen kwance notin da ya cije, amma ya yi tsararon da ba zai riƙe sarƙa mai jan buhu biyu ba. A duba jikin gwangwanin. Na sarƙa yana faɗa, sau da yawa har da hotonta.

Man gyaɗa da manja da man kaɗanya a bar su a madafa, domin iska da zafi suna mayar da su danƙo su ƙame gaɓoɓi. Man birki kuwa ruwa yake zuƙa, fenti yake ci. Duk man da za a saya, a nemi wanda hatimin murfinsa bai karye ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama jabun mai a kasuwannin Najeriya, kuma na tsiyaye da ake aunawa a kwalabe a bakin hanya ba wanda zai rantse da asalinsa.

An ambaci sarƙa mai roba, ga bayaninta. Tun shekarun 1970 ake yin wata iri da ake sa wa ƙananan zobban roba tsakanin fallaye, su kulle giris ɗin kamfani a ciki, su hana yashi shiga. Manyan babura da wasu sababbin samfura suna zuwa da ita, kuma ta fi daɗewa. Ganewa ba wuya: a goge gaɓa ɗaya a duba tsakanin falle da falle, in da roba za a ga bakinta baƙi. Yawancin baburan haya na karkara ba ta suke da ita ba. Wanda ya tarar tasa mai roba ce, ya nisanta ta da fetur da buroshin waya da giris mai zafi. Kananzir kaɗan, tsumma, da man giya ko feshin da aka rubuta ya dace da ita.

Yadda ake sa man ma yana da nasa ilimi. Da yamma ya fi, bayan an tashi aiki, sarƙa tana da ɗumi. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya yadda tayar baya za ta tashi daga ƙasa, a sa shi a firi, a kashe inji, a zare makulli. Hannu ɗaya yana juya taya a hankali, ɗayan yana ɗiga mai a saman layin sarƙa na ƙasa, wato fuskar da ke haɗuwa da haƙora, daidai inda falle ya hau falle, dama da hagu. Dalili shi ne juyawa waje take watsa mai, don haka wanda aka sa daga ciki sai ya ratsa gaɓa kafin ya fita. A bar shi ya kwana. Da safe a goge na waje da tsumma har sarƙar ta kusa zama kamar ba a sa mata komai ba. Rarar mai ba ta ƙara komai sai ta fantsama a taya, ta gangara wajen birki, ta ɓata wa fasinja farar shadda.

A nan shirin zai ɗaga murya. Akwai masu tayar da inji, su sa giya, taya tana gudu a sama, su kama sarƙa da tsumma wai don aiki ya yi sauri. Haƙoran faranti suna fizgar tsumma, tsumma ya ja yatsu, kuma kafin mutum ya ce wayyo an gama. Ba a dawo da yatsan da faranti ya datse. Ogan da ya ga yaronsa yana haka ya tsawatar masa nan take, ko da mai babur yana gaggawa.

Littattafan babura sukan ce a sa mai duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, kuma a ƙara yawaita in hanya mai ƙura ce ko ruwa. Amma mitar babura da yawa ta daɗe da mutuwa, ba mai ƙirga kilomita. Lissafin mai sauƙi ne: wanda yake cin kilomita 100 a rana, cikin kwana biyar ya cika 500. Ke nan ɗan haya ya tsayar da rana ɗaya a mako, jajiberin kasuwar garinsu ko safiyar Juma'a, ya ƙara da duk ranar da ruwa ya doke shi ko ya ƙetare rafi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin fetur, kowane ɗigo da lissafi ake shan sa. Sarƙa mai tsabta da mai tana iya isar da kusan kashi 98 cikin 100 na ƙarfin da inji ya ba ta. Busasshiya mai tsatsa kuwa tana cinye wani kaso a hanya, kuma daga tanki ake biya.

Wani abin takaici shi ne murfin sarƙa. Boxer da ire-irensa da cikakken murfi suke fitowa daga kamfani, sama da ƙasa, har da 'yar ƙofar dubawa mai toshiyar roba. Ba a jima sai a ga an cire an jefar, wani don gayu, wani don ya lotsa, akasari kuwa don yana ƙara. Ƙarar nan yawanci sarƙa ce ta saki take dukan murfin, ɗauri take nema. A hanyar jar ƙasa babu man da zai kare sarƙa yadda wannan gwangwanin yake kare ta. A mayar da shi, a nemo toshiyar robar in ta faɗi, a riƙa buɗe na ƙasa ana kankare taɓon da ya taru. Kuma ba don sarƙa kaɗai ba. Hijabi da zani da gefen babbar riga suna reto daidai wurin, kuma sarƙar da ba murfi in ta kama tufa tana fizgo mai ita ƙasa, wani lokaci da goyo a baya. Ɗan acaɓan kirki ba ya tashi sai ya waiga ya ce, "Hajiya, a tattare hijabin," ko "Baba, a naɗe rigar." Da murfi da wannan kalma, an tsare rai.

Ɗaurin ma akwai iyaka. A yawancin waɗannan babura, in aka ɗaga tsakiyar layin ƙasa da yatsa, ya kamata ya yi wasan santimita 2 zuwa 3; adadin kowane samfuri yana cikin littafinsa, wani lokaci a manne a jikin murfin. Masu babur da yawa suna son a ɗaure tamau don kada su dawo da wuri. Kuskure ne mai tsada. In aka ɗora buhunan masara ko mutum uku, bayan babur yana nutsewa, sarƙar ta ƙara tsukewa, ta riƙa jan boris na giya da na taya har su mutu, ita ma ta cinye da wuri. A juya taya a nemo inda ta fi tsauri, a nan ake aunawa. Zanen awo da ke gefen dama da na hagu na wurin ɗaura tayar baya kuma su zo daidai, in ba haka ba taya ta karkace, haƙora su ci gefe ɗaya.

Komai kula, wata rana sarƙa za ta gaji. A kama ta a bayan babban faranti a ja baya. In ta ɗago har aka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Mai awo ya miƙar da ita ya auna tsawon gaɓa 20, daga ƙusa ta farko zuwa ta 21. A yawancin waɗannan babura, sabuwa milimita 254 ce. In ta kai 259 sai canji. Haƙoran da suka yi tsini ko suka lanƙwashe gefe guda su ma sun gama. Yanke gaɓa biyu don a rage tsawo dabarar isa gida ce kawai, domin giɓin da ke cikin sauran gaɓoɓin yana nan. Sarƙar da ta tsinke ana gudu tana iya naɗewa ta ƙame taya, ko ta fasa jikin inji, gyaran da ya ninka kuɗinta sau da yawa. Canjin kuma uku ne a tare: sarƙa, ƙaramin faranti na gaba, da babba na baya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta yin kwana.

A shago za a ga lambobi: 420, 428, 428H, 520. Lambar farko tana nuna tazarar ƙusa da ƙusa. 4 na nufin rabin inci, wato milimita 12.7. Ta 420 da ta 428 tazararsu ɗaya, amma 428 ta fi faɗi, kuma ita ce ta Boxer da yawancin masu inji 125. Ta 420 ta ƙanana ce irin su roba-roba. Harafin H alamar fallaye masu kauri ce, ta fi dacewa da mai ɗaukar kaya. Ta 520 ta manyan babura ce, ba ta hawa haƙoran waɗannan. Mafi sauƙi a tafi da tsohuwar a gwada, a ƙirga gaɓoɓi. Kayan suna biyowa ta Legas da Nnewi ta jihar Anambra zuwa shagunan Sabon Gari a Kano, daga nan su watsu zuwa Gwarzo da Karaye da Rogo, orijina da jabu a mota ɗaya. DID da RK na Japan, Rolon da Diamond na Indiya, sunaye ne sanannu, kuma sanannen suna shi aka fi kwaikwaya, don haka kwali ba shaida ba ne. A fito da sarƙar a duba tambarin da aka buga a jikin fallaye, a ji nauyinta, a lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a ji ko akwai mai cijewa. A riƙe ta a kwance ta gefe; wadda ta sunkuya sosai tun tana sabuwa, gaɓoɓinta a sake suke. Giris ɗin da ta zo da shi daga kamfani kuma kada a wanke, ya riga ya shiga inda ake so. Wajen ɗaurawa mai babur ya sa ido a kan ɗan makullin mahaɗa: rufaffen kansa ne yake fuskantar inda sarƙa ta nufa, buɗaɗɗen bakin yana baya. In aka juya shi, duk abin da ya taɓa a hanya yana iya ɓalle shi.

Kananzir ɗin da aka yi wanki da shi ba na zubarwa ba ne. A juye a kwalba a bar shi ya kwana biyu, datti zai kwanta, a tsiyaye na sama a sake wanki da shi. Kwandem kuwa a tara a jarka mai murfi. Masu shafa wa katakon rufi don gudun gara da masu buga bulo suna nema. Abin da bai kamata ba shi ne a malalar da shi a kwata, ko kusa da rijiya, ko a fadamar da ruwanta yake gangarawa Challawa, inda masunta suke kamu, masu lambu suke ban ruwa, makiyaya suke shayar da shanu.